Ba a fafe gora ranar tafiya: zare ga ɗalibanmu masu son aiki a Birtaniya bayan karatu

1/
Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe. Magana ce ga ƙannenmu da ke karatu a Birtaniya da masu haɗa kaya za su taho, musamman 'yan Mastas ɗin shekara ɗaya. Ra'ayina a taƙaice: in kana son aiki a nan bayan ka gama, neman aikin yana farawa ne a watan da ka sauka daga jirgi. Wanda ya jira sai ya sa rigar kammalawa ya yi hoto, ya riga ya makara. 🧵

2/
Mu fara da kalanda. Mastas a nan wata 12 ne, galibi daga Satumba zuwa Satumba. Manyan kamfanoni kuwa, bankuna da kamfanonin akanta da na injiniya da na fasaha, suna buɗe ɗaukar sababbin masu digiri ne tun Satumba da Oktoba, don aikin da za a fara baɗi. Da yawa sukan rufe kafin sabuwar shekara. Wasu ma da zarar sun samu adadin da suke so sai su rufe, ko da ranar ba ta cika ba.

3/
Ka ga matsalar? Lokacin da kake neman ɗaki, kana neman rigar sanyi, kana fama da buɗe asusun banki da gano shagon da ake sayar da garin masara da manja, ɗan ajinku ya riga ya tura takardu wurare goma. Ba wai ya fi ka ƙwaƙwalwa ba ne. Wani ne ya faɗa masa kalandar tun yana gida. To yau ga shi na faɗa maka.

4/
Mafi yawanmu abin da ke kwantar mana da hankali shi ne bizar bayan karatu, wadda suke kira Graduate. An fara ta a Yulin 2021. Shekara 2 ce ga mai digiri na farko ko na biyu, shekara 3 ga mai digirin digirgir. Da ita kana iya yin kusan kowane aiki, babu buƙatar wani kamfani ya tsaya maka. Shi ya sa za ka ji yara suna cewa "ai ina da shekara biyu, zan nema a hankali."

5/
Ga abin da ejan ɗin da ya samo maka makaranta bai tsaya ya bayyana maka ba. Ba a sabunta wannan bizar. Sau ɗaya ake ba da ita a rayuwa. Shekarun da ka yi a kanta ba sa shiga lissafin shekara 5 na masu bizar aiki da ke neman zaman dindindin. Kuma gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18 ga waɗanda za su nema daga 1 ga Janairun 2027, ban da 'yan digirin digirgir.

6/
Kuma ba kyauta ba ce. A farashin 2025, kuɗin bizar fam 880 ne, sai kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, kuma gaba ɗaya ake biya lokacin nema. Shekara biyu ke nan fam 2,950. Dole ka nema kana cikin ƙasar, kafin bizar karatunka ta ƙare, bayan makarantarka ta sanar da ma'aikatar cikin gida cewa ka kammala. In makaranta na bin ka bashi, tana iya riƙe sakamakonka. Ka fara tara kuɗin nan tun zangon farko.

7/
Saboda haka ni kallon da nake yi wa wannan biza shi ne gada. Gada kuwa tsallakawa ake yi, ba a shimfiɗa tabarma a kanta. Abin da ke ɗaya gefen shi ne bizar ƙwararrun ma'aikata, Skilled Worker. Ita ce wadda kamfani ke ɗaukar nauyinka a kanta. Duk shawarar da za ka yanke daga ranar da ka sauka, ka auna ta da tambaya ɗaya: wannan zai kusantar da ni ga kamfanin da zai ɗauki nauyina?

8/
Sharuɗɗanta uku ne manya. Na ɗaya, kamfanin yana da lasisin ɗaukar nauyin baƙi. Na biyu, aikin yana cikin ayyukan da aka amince da su, kuma tun Yulin 2025 aka mayar da matakin zuwa na masu digiri, sai 'yan ayyukan da aka keɓe. Na uku, albashi. Kafin Afrilun 2024 mafi ƙarancinsa fam 26,200 ne a shekara. Aka ɗaga shi zuwa 38,700. A Yulin 2025 ya koma 41,700.

9/
Kada gabanka ya faɗi tukuna. Akwai rangwame ga sabon shiga kasuwar aiki, wato ɗan ƙasa da shekara 26 ko wanda ya fito daga bizar karatu ko ta Graduate. Shi nasa ya fara daga fam 33,400, gwargwadon irin aikin. Amma rangwamen na shekara 4 ne kawai, kuma har da zaman da ka yi a kan Graduate ake ƙirgawa. In ka cinye biyu a can, saura biyu ke nan kafin a nemi cikakken albashi.

10/
Ga kuma wani abu da ko wasu masu ɗaukar ma'aikata ba su sani ba. Akwai harajin da kamfani ke biya duk shekara a kan kowane baƙon da ya ɗauki nauyinsa. In daga bizar karatu ka wuce kai tsaye zuwa ta aiki, an yafe wa kamfanin wannan harajin. In daga Graduate ka fito, sai ya biya. Wato a watannin ƙarshe na karatunka ka fi araha a wurinsu. Wanda ya fara nema da wuri ne kaɗai zai ci wannan moriyar.

11/
Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna. Aikin sito da aikin kula da tsofaffi da gadi da wanke-wanke. Wallahi ban raina ko ɗaya ba, halal ne, kuma su ne suka biya wa da yawanmu haya. Amma mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa. Awa 37 da rabi a mako, shekara guda, kusan fam 23,800 ke nan. Ina 23,800, ina 33,400?

12/
Kuma ko da ka yi ta ƙarin awa har kuɗin ya kai, ɗaukar kwali a sito ba ya cikin ayyukan da ake ba da biza a kansu. To me ke faruwa? Mutum ya gama Mastas a harkar bayanai ko kiwon lafiyar al'umma, ya shiga dutin dare, ya dawo da asuba a gajiye, ya yi barci, ya tashi ya koma. Kuɗi na shigowa, ana turawa gida, ana ta sa masa albarka. Sai ya farka saura wata huɗu biza ta ƙare.

13/
Na zauna da samari da 'yan mata da yawa a wannan hali. Ranar da suka zo neman a duba musu CV, shekara biyun da suka wuce babu layi ɗaya da ya shafi abin da suka karanta. Mai ɗaukar aiki kuma abin da zai fara dubawa ke nan: me kake yi yanzu? A wata huɗu, da irin wannan takarda, abu ne mai wuyar gaske. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

14/
Na san me wani zai ce: "Malam, kai cikinka a cike yake. Haya ba ta jira, ragowar kuɗin makaranta ba ya jira, ga naira ta faɗi." Gaskiya ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin da iyaye suka tanada ya narke a hannu, har a 2024 aka ga labarin ɗaliban Najeriya da wata jami'a a arewa maso gabashin Ingila ta dakatar saboda sun kasa biya. Ba zan ce wa kowa ya bar aikin da ke ciyar da shi ba.

15/
Abin da nake cewa shi ne ka yanka wa neman aiki nasa lokacin, kamar yadda ka yanka wa duti. Awa 6 zuwa 8 a mako, rana sananniya, waya a kife. Idan aka kira ka ƙarin duti a wannan lokacin, ka ce a'a. Fam 70 ɗin da ka rasa ranar nan za ka manta da shi. Bizar da ta ƙare ba ka da komai a hannu, ba za ka manta ba.

16/
Sai maganar gida. Ɗan uwa, 'yar uwa, ku zauna ku yi wa iyaye bayani tun wuri. Su fam suke ji, su buga a naira, su ga ka zama Alhaji. Ba su san rabin kuɗin haya ke cinyewa ba. Ka ce: Baba, a ba ni shekara ɗaya in tura kaɗan, don in samu abin da zan daɗe ina turawa. Yawancin iyaye suna fahimta in an yi musu magana da ladabi da lissafi. Kunyar faɗa ce ke kashe mu.

17/
Kafin in wuce, gargaɗi ga masu bizar karatu. Awa 20 ne a mako lokacin zangon karatu. Kowane mako da kansa ake ƙirgawa, ba a cewa na yi 30 wannan makon zan yi 10 na gaba. Kuma an hana ka sana'ar kanka, har da kai abinci da manhaja a matsayin mai zaman kansa, balle da asusun wani. Albashinka yana bi ta lambar inshorarka ta ƙasa, hukumar haraji na gani. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

18/
To ina za a nema? Gwamnati tana wallafa jerin duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyi a shafinta na GOV.UK. Kyauta ne, kuma ana sabunta shi a kai a kai. Kafin ka ɓata awa uku kana cike takardar wani kamfani, duba sunansa a jerin. In babu shi, ka san matsayinka. In yana ciki ma ba alƙawari ba ne, domin lasisi daban, niyyar ɗaukar nauyi a kan wannan gurbin daban. Tambaya za ka yi, matambayi ba ya ɓata.

19/
Kada ka tsaya kan sunaye biyar da kowa ya sani. Asibitocin NHS ba likitoci da ma'aikatan jinya kaɗai suke ɗauka ba, akwai masu nazarin bayanai da 'yan kwamfuta da masu kula da kuɗi, duba NHS Jobs. Jami'o'i na tallata gurabensu a jobs.ac.uk. Akwai ƙananan hukumomi, kamfanonin ruwa da lantarki da jiragen ƙasa da gine-gine. Kuma ka shirya barin garin da ka saba. Aikinka yana iya kasancewa a garin da babu Bahaushe ko ɗaya.

20/
In sana'arka mai rajista ce, fara rajistar yanzu. Likita sai da GMC, kuma yawancin namu ta jarrabawar PLAB suke bi. Ma'aikaciyar jinya da ungozoma sai da NMC, jarrabawar kwamfuta da ta gwaji a aikace. Akanta ya duba ACCA, ya ga darussan da za a yafe masa saboda digirinsa. Waɗannan abubuwa watanni suke ci, ga kuɗi, ga jiran takardu daga makarantarka ta gida, kuma kun san yadda wannan ke tafiya.

21/
CV. Cire hoto. Cire ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure. A nan ba a sa su. Shafi biyu ya isa. Kuma daina rubuta "na yi aiki a sashen kuɗi." Me ka yi a sashen? Asusun mutum nawa ka riƙe? Me ka gyara? Kwana nawa aikin ke ci da, kwana nawa ya koma? Bautar ƙasar da ka yi kana koyar da aji mai ɗalibi 80 gogewa ce. Shagon babanka da ka riƙe wa lissafi gogewa ce. Rubuta su da adadi.

22/
Kuma don Allah a daina harba CV ɗaya wurare 300 a dare ɗaya, a wayi gari ana cewa Turawa ba sa son mu. Wariya akwai ta, ba na musu. Amma takardar da ba ta amsa abin da tallar ta tambaya ba, ko sunanka John za a ajiye ta. Karanta abin da suka jera suna nema, ka amsa ɗaya bayan ɗaya da misali. Guda biyar masu kyau a mako sun fi ɗari na gaggawa.

23/
Ga inda tarbiyyarmu ke ba mu wahala. An rene mu a kan yabon kai jahilci ne. Ba ka kallon babba ido cikin ido. In an yaba maka ka ce ai ba komai. Kyawawan ɗabi'u ne, ina alfahari da su. Amma a intabiyu, in aka ce ba mu labarin matsalar da ka warware, ka sunkuyar da kai ka ce "mun yi ƙoƙari dai", baturiyar nan za ta rubuta cewa ba ka yi komai ba. Ba ta san kawaici ba. Abin da ka faɗa shi za ta ba maki.

24/
Faɗin abin da ka yi da hannunka ba fariya ba ne, shaida ce, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shirya labarai shida daga rayuwarka. Kowanne ka tsara shi haka: ga halin da aka shiga, ga abin da aka ɗora mini, ga abin da NI na yi, ga sakamakon. Ka maimaita su da baki, da ƙarfi, gaban aboki, har su zauna. 'Yan uwa mata, ku musamman: ɗaga murya kaɗan a ɗakin intabiyu ba rashin kunya ba ne.

25/
Kowace jami'a tana da ofishin ba da shawara kan aiki. Suna duba CV, suna yi maka intabiyun gwaji, suna kawo kamfanoni baje koli, galibi a zangon farko. Kuɗinsa na cikin dubban fam ɗin da aka sayar da fili aka biya maka. Amma sai ka ga ɗalibinmu ya shekara bai san ƙofar ofishin ba. Haba! Ka biya kuɗin tuwo ka tashi ka bar miya?

26/
Kundin bincikenka ma jari ne. In akwai damar yin sa tare da wani kamfani ko asibiti ko ƙaramar hukuma, ka yi tsalle ka kama. In babu, zaɓi batun da masu ɗaukar aiki a fagenka ke fama da shi. Ka nemi aikin wucin gadi a cikin makaranta, ko na sa kai a fagenka. Abin da kake nema shi ne mutum ɗaya a ƙasar nan da zai ce "na ga aikinsa, na yarda da shi."

27/
Mu fita daga ɗaki kuma. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai wurin 'yan garinmu, a dafa shinkafa a yi hirar siyasar gida. Da daɗi, ni ma ina so. Amma duk wanda ke ɗakin nan neman aiki yake kamar kai. Buɗe LinkedIn, nemo waɗanda suka yi kwas ɗinka shekara biyu ko uku da suka wuce, ka ga ina suke aiki. Ka tura gajeren saƙo da tambaya ɗaya takamaimai. "Yallaɓai a taimaka min da aiki" ba tambaya ba ce.

28/
Yanzu babbar magana: sayen takardar ɗaukar nauyi, wato CoS. Idan biza ta kusa ƙarewa, dillalai za su fito maka ta ko'ina, a WhatsApp da TikTok, wani ma ɗan garinku ne. Kawo fam dubu kaza in samo maka. Ka ji da kyau: ba a sayar da ita a doka, kuma an hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. A 2025 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan masu wannan harka da ke damfarar 'yan Najeriya.

29/
Ko takardar ta gaske ce, sau da yawa babu aikin. In aka ƙwace lasisin kamfanin, bizarka ce ke cikin haɗari, dillali kuwa ya kashe waya. Hanyar kula da tsofaffin ma da kowa ya dogara da ita ta ƙuntata: tun Maris 2024 sababbin masu wannan biza ba sa kawo iyali, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗauko ma'aikatan daga ƙasashen waje. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In shawarar biza kake so, je wurin mai ba da shawara na makarantarku ko lauya mai rajista.

30/
Masu tallafin karatu, ku karanta takardar da kuka sa wa hannu. Chevening ta shardanta komawa gida na aƙalla shekara 2. In gwamnati ko wata hukumar tallafi ce ta biya maka makaranta da abinci, sai da rubutaccen izininta za ka nemi Graduate. Malamin jami'a da aka turo da kuɗin TETFund akwai yarjejeniya a wuyansa. Ra'ayina a nan ba ya da kwana: kuɗin talakawa ne, alƙawari kuma kaya ne. A koma a cika.

31/
Waɗanda ke wasu ƙasashe za su ce mu fa? Adadin ne ya bambanta. Jamus na ba da wata 18 na neman aiki, kuma wanda ya koyi Jamusanci ya fi samun ƙofofi. Amurka wata 12, da ƙarin 24 ga 'yan kimiyya da fasaha da injiniya da lissafi. Kanada har zuwa shekara 3. Ko'ina agogo ne ke tafiya, kuma dokokin na canzawa. Shafin gwamnatin ƙasar za ka riƙa dubawa da kanka, kada ka dogara da "an ce" na guruf.

32/
Abu na ƙarshe, wanda ba a son ji. Kana iya yin duk abin da na lissafa kuma ba ka samu mai ɗaukar nauyi ba. Yana faruwa da mutanen kirki masu ƙoƙari. Shi ya sa nake cewa ka sa wa kanka rana: in saura wata shida babu komai, ka buɗe ƙofa ta biyu. Nemi aiki a Abuja da Legas da Kano, a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, a ƙasashen Larabawa, ko gurbin digirin digirgir mai tallafi.

33/
A nan ne ribar fara nema da wuri ke fitowa ko ba a samu biza ba. Wanda ya dawo da Mastas da shekara biyu na aiki a fagensa, ko da ƙaramin matsayi ne, da shaidar manajansa a hannu, daban yake da wanda ya dawo da Mastas da ciwon baya. In kuma ka yi digirin farko a waje kafin ka kai shekara 30, ka tuna bautar ƙasa na jiranka, ka shirya takardunka.

34/
Abin da ba zan taɓa ba wa kowa shawara ba shi ne zama bayan biza ta ƙare. Ba aikin kirki, a Ingila ba hayar ɗaki da sunanka, kullum gaba na faɗuwa, kuma ana iya hana ka sake shigowa na tsawon lokaci. In an yi rasuwa a gida ba ka da halin zuwa. Duk don kada a ce wane ya dawo? Masu cewar ba su za su yi maka zaman ɓuyan ba. Komawa gida da mutuncinka ba faɗuwa ba ce.

35/
To aikin wannan makon, guda huɗu kacal. Duba ranar da bizarka za ta ƙare, ka ƙirga watannin da suka rage. Buɗe jerin masu lasisi ka fitar da kamfanoni 20 a fagenka. Nemi ganawa da ofishin aiki na makarantarku. Ware awanninka na nema ka rubuta su a bango. Zomo ba ya kamuwa daga kwance.

36/
In kana da ƙane ko ƙanwa da ke shirin tahowa, tura masa tun kafin ya hau jirgi. Waɗanda suka riga suka tsallake kuma, don Allah ku faɗi ta inda kuka bi da watan da kuka fara nema, na baya su amfana. Allah ya sa wahalar iyayenmu kada ta tashi a banza. Allah ya ba kowa mafita ta alheri.